Baƙin Inna a Bakin Dam

A gidanmu na Ƙofar Marusa ba a gaisuwa a tsaye, kuma ba a yin ta a gurguje. Da gari ya waye kowa zai je ƙofar ɗakin Inna, mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ya durƙusa, kuma ba ya tashi sai ta sallame shi. Ita kuwa ba ta san sallama da wuri ba. Ta tambaye ka kwana, ta tambaye ka gajiya, ta tambayi sanyi in lokacinsa ne, in kana da iyali ta bi su ɗaya bayan ɗaya, har tunkiyar da ta ji an ce ta haihu a gidanka sai ta ji lafiyarta. Mukan yi mata tsiya mu ce duk wadda ta ɗora ɗumame a wuta kada ta kuskura ta fara gaida Inna. Ni ce autarta, ni ce kuma na fi kowa baki, don haka ni kaɗai ke iya faɗa mata haka ido da ido in kwashe lafiya.

Wanda ya fi kowa daɗewa a durƙushe shi ne Yaya, babban ɗanta namiji. Ba shi ne ɗan fari ba, saboda haka babu wata kunya tsakaninsu. Shi gaisuwarsa biyu ce a haɗe, in an gama ta lafiya sai a shiga ta faɗa. Hularsa a karkace take, ya bar gemu ba gyara, ya cika gaggawa, sai ya gama abu sannan yake tambaya. Mutum da furfurarsa da ofishinsa, yana durƙushe yana ta “To, Inna, na ji, Inna,” yana murmushi ƙasa-ƙasa. Duk gidan mun san faɗan nan shi ne rabonsa na ƙauna, kuma nasa ya fi namu yawa.

Sai wata safiya ya durƙusa ya ce, “Inna, ina kwana?” ta ce, “Lahiya,” ta ci gaba da jan carbinta. Ya jira, ba ta ƙara ba. Ba gajiya, ba iyali, ba hula. Ya daɗe a wurin kafin ya tashi yana karkaɗe gwiwa. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, abin da yake samu ke nan kowace safiya.

Dalilin kuwa wata tsamiya ce da ke bayan gidanmu, wadda ta girmi duk wanda na sani. A kanta shamuwa ke yin sheƙa. Duk shekara in zafin bazara ya kai maƙura, sai wata rana a ɗaga kai a ga sun iso, baƙaƙen baya, fararen ciki, suna tsaye a rassa a kan dogayen ƙafafunsu kamar ba su taɓa zuwa ko'ina ba. Inna ta ce ranar da aka kawo ta gidan tana amarya, kakarmu ba madafi ta fara nuna mata ba, tsamiyar ta nuna mata. Ta ce mata waɗannan baƙin gidan ne, sun riga ta zuwa, kuma a gidan nan ba a taɓa korar baƙo ba. Gidan saukar fatake ne tun zamanin kakanmu, zauren ma don haka aka yi shi da faɗi.

Inna ta riƙe maganar da hannu biyu. Kullum akwai kasko cike da ruwa a gindin itaciyar. Su ɓata mana shanya da kashi, mu yi ƙorafi, ta ce mu sake wanki, ba sabulu ya ƙare a duniya ba. In ɗan shamuwa ya faɗo, ita ke tsare shi daga kyanwa har a sami mai hawa ya mayar. Matan unguwa kan aiko a ji ko baƙin Inna sun iso, don mazajensu masu gona a bayan gari su shiga shiri. Matar da ba ta taɓa riƙe fartanya ba, ita ke shelar damina a unguwarmu.

Bayan rasuwar Baba gida ya koma hannun Yaya. Iyali suka yi yawa, ɗakuna suka yi kaɗan, saiwar tsamiyar ta tsaga katanga, wani reshe kuma ya faɗo ya lotsa rufin madafi. Ya je ya ce da Inna yana son ya sare ta ya yi ɗakuna. Ta dube shi ta ce, “Gidan ubanka ne.” Duk macen da ta tashi a cikin ganuwar Katsina ta san abin da wannan amsa ke nufi, ko 'yar shekara goma ce. Shi kuwa bawan Allah ya ɗauka izini aka ba shi. Har kirki ya yi a ganinsa, don bai taɓa itaciyar ba sai da kaka ta yi, shamuwa suka tafi da 'ya'yansu, sheƙa ta zama wofi. Lokacin Inna tana wurina a Ƙofar Kaura tana taya ni jego. Ta dawo ta tarar da bulo da sabon kwano inda inuwa take. Ta ɗauki kaskonta ta shige ɗaki.

Duk ranin nan gaisuwa ba ta canza ba, har muka ɗauka abin ya wuce. Ina gidan ranar da shamuwa suka dawo. Suka yi ta kewaya saman gidan, su yi ƙasa-ƙasa su sake tashi. Wasu suka sauka a kan sabon kwanon, zafi ya hana su tsayawa, ƙafafunsu na zamewa. Ɗaya ta tsaya a kan katanga da kara a bakinta, tana juya kai, ta rasa inda za ta ajiye shi. Inna ta fito tsakar gida ba takalmi, ta tsaya cikin rana tana kallonta, na yi ta jan hannunta ta ƙi motsawa. Sun yi 'yan kwanaki suna wannan zarya, sannan muka daina ganinsu. Washegarin ranar ne Yaya ya fara samun kalma guda.

Babu irin bikon da bai yi ba. Ya dasa darbejiya a ƙofar gida, ta ce Allah ya raya. Ya ɗauko kawunmu, ƙanenta, ya zo ya yi ta ba ta baki, ta saurare shi tsaf sannan ta ce, “Ni mi ya yi mani? Nawa na yahe tun ranar. Amma baƙo ya zo ya iske an rushe mashi masauki, ni za ni yahe mashi wannan? Haƙƙina ne?” Kawu ya sha furarsa ya tafi. Wani lokaci in hadari ya haɗu, sai in ji ta tana magana ita kaɗai, “Ko ina sunka kwana?” A lokacin manyan itatuwan cikin gari sai faɗuwa suke ɗaya bayan ɗaya, wannan don titi, wancan don shago. A zuciyarta ta gama yanke cewa baƙinta sun yi ta yawo har sun halaka, kuma daga gidanta abin ya fara.

Ga shi jikinta ya fara ja da baya. Hawan jini ya kama ta, ƙafafu suka kumbura, zuwa masallacin unguwa tafsiri ma sai an riƙe ta. Yaya ya rame a tsaye. Wata rana ya zo gidana, ya ƙi shiga ciki, ya zauna a dakalin zaure ya ce, “Auta, tsoro nike ji. Kada ta tahi ta bar ni da kalma guda.” Ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba, ko ranar da aka ɗauki Baba. 

Akwai wani dam a ƙauye, ba nisa sosai da gari, wanda tun ina yarinya nake jin an ce daga can ruwan famfonmu ke zuwa. Ban taɓa zuwa ba, ban kuma taɓa sha'awa ba. Abokan aikin Yaya kan je can ranar hutu su shimfiɗa tabarma su ci soyayyen kifi, kuma ganin yadda ya koma sai suka fara jansa ko ya sami sauƙin zuciya. Wata Asabar a ƙarshen damina sai ga shi a gidana da taɓo har idon sawu, ko sallamar kirki bai yi ba ya ce, “Na gan su!” Ya miƙo mini waya. Na duba, na ga ciyawa da wasu baƙaƙen ɗige-ɗige. Na ce masa in ya kai wa Inna wannan hoton cewa za ta yi ƙudaje ya ɗauko mata. Ya ce shi ya sa ya zo wurina, ita ba za ta bi shi ba, amma ni ina iya fito da ita.

Na je na same ta tana tsince shinkafa. Da na ambaci dam sai ta ce, “Ni da tsuhwana in tahi shan iska bakin ruwa, kamar wata amarya?” Na ce ba shan iska ba ne, ziyara ce. Na ce, “Inna, ke kika koya mana in baƙonka ya sake masauki, sai ka bi shi can ka gaishe shi, don kada ya ce fushi kake. Yaya ya ce ya ga inda suka koma.” Hannunta ya tsaya a cikin faifan. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Amma da na zo da safe na tarar ta fito da mayafinta na zuwa suna, ta turara shi, tana zaune a bakin gado tana jirana. Ta sa aka cika mata jarka da ruwan famfo da butarta, don a cewarta ba a san irin ruwan ƙauye ba.

Mu uku muka tafi a motar Yaya, ni da ita a baya. Muka fita gari, gonaki suka buɗe, an riga an yanke gero an jingine dammuna, dawa kuwa ta sunkuyar da kai ta yi jawur. Duk tafiyar nan Inna ba ta yi wa mai tuƙi magana ba, ni take aika. “Ce mashi ya rage gudu.” “Ce mashi akwai akuya gaba.” Shi kuma yana jin ta sarai, amma sai ya jira na maimaita sannan ya ce, “To.” Da ba don abin da ke raina ba da na yi dariya har ƙasa.

Muka bar kwalta muka bi jar hanya, motar ta hau wani ɗan tudu, sai ga shi.

Ni dai na san ruwa a tulu, na san shi a rijiya, na san kududdufin bayan ganuwa da ke cika da damina ya ƙafe da rani. Ban san ana tara ruwa haka a ƙasar Katsina ba. Ya miƙe daga ƙasan tudun har inda ido ya gaji, itatuwan wancan gefen sun koma ƙanana, sama gaba ɗayanta ta sauko ta kwanta a cikinsa da gizagizanta. Iskar da ta shigo ta taga mai sanyi ce, da ƙamshin ɗanyar ciyawa da ɗan ƙarnin kifi. Sai na ji tsigar jikina ta tashi, na ji ni ƙarama ƙwarai, kuma abin mamaki daɗin hakan na ji. Yaya ya kashe mota ba wanda ya ce masa ya kashe.

Inna ta ƙura wa ruwan ido. Can ta ce a hankali, “Wannan duk ruwa ne?” Na ce ruwa ne, Inna, shi ne wanda kike yi wa faɗa in famfo ya ɗauke. Ta yi ta maimaita “Tsarki ya tabbata ga Allah,” sannan ta dubi jarkar da ke tsakanin ƙafafunta ta ce, “Ashe gida munka maido shi ganin dangi.”

Wajen bakin madatsar cike yake da mutane. Iyalai sun baje tabarmi a inuwa, mata na suyar karfasa a manyan kasake, samari na ta ɗaukar juna hoto da baƙin tabarau. Can cikin ruwa masunta ne kwance a kan manyan gorunansu, suna tuƙi da hannu da ƙafa, daga nesa sai kai da kafaɗa kake gani. Yaya bai tsaya nan ba. Ya bi wata 'yar hanyar shanu ya zagaya da mu can ƙurya, inda rafi ke shigowa, inda hayaniyar mutane ba ta kaiwa. Da hanya ta ƙare muka sauka, na riƙe Inna muka taka a hankali.

Nan kuma wata duniyar ce. Bado ya rufe bakin ruwan da faffaɗan ganye da fararen furanni, wasu 'yan tsuntsaye masu dogayen yatsu na tafiya a kansa ba sa nutsewa. Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya, ko kallo ba mu ishe shi ba. Garken kirinjijiya ya taso daga cikin ciyawa yana wannan fito nasu mai zaƙi, suka kewaya suka sake zubewa. Wani tsari, tsawonsa ya kai taɓarya, ya sulale daga kan dutse ya shige ruwa, na ƙwalla ƙara na saki Inna, ita kuwa ko gezau. Shanun Fulani na shan ruwa can gefe, balbela na bin sawunsu. Akwai waɗanda ban san sunansu ba har yau, masu jan baki, masu shuɗin fiffike, kowa na harkar gabansa. Ba wanda ya shimfiɗa musu, ba wanda ya ajiye musu kasko, ga su kuma ƙoshe.

Muka zagaya wani kurmin geza, fadama ta buɗe a gabanmu, sai na ji Inna ta tsaya cak.

Shamuwa ne, fadamar cike. A tsamiyarmu in sun yi yawa ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba. Nan kuwa tun daga bakin ruwa har gindin gonaki su ne, sahu bayan sahu, kamar masallata a filin Idi. Wasu na takawa a hankali cikin ciyawa suna cafkar fara, wasu sun buɗe fukafukai suna shan hantsi. Ga 'ya'yan bana nan a tsakaninsu, gashinsu bai gama yin baƙi ba. Bayan fadamar kuma akwai wani ɗan ƙauye, kukoki da tsamiyoyinsa duk sun yi nauyi da manyan sheƙuna, ba reshen da aka bari. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shirunsu. Taro mai yawa haka, ba ka jin komai sai motsin ciyawa.

Inna ta zare hannunta daga nawa. Matar da sai an riƙe ta take kaiwa masallaci, ta taka ita kaɗai har ta kusa da na gaba-gaba. Ta gyara mayafinta. Sannan ta dafa gwiwa, da ƙyar, ta durƙusa. Tunda nake ban taɓa ganin Inna ta durƙusa wa kowa ba sai Baba da kakarmu.

“Salamu alaikum,” in ji ta. “Kun kwana lahiya? Ina gajiyar damina? Ya ɗiya? Ashe nan kuke.” Ta bi gaisuwar nan tiryan-tiryan, ba ta tsallake komai ba, tana ɗan dakatawa bayan kowace tambaya yadda ake yi wa mutum. Sannan ta ce, “Kun zo gidana ba ku iske masauki ba. Ba za ni ce ba da saninmu ba ne, da saninmu ne. Ku yi haƙuri.” Na kusa da ita suka ɗago kai suka dube ta da gefen ido, suka ci gaba da kiwonsu. Ni dai hawaye nake, ban ma san lokacin da suka fara ba.

Ashe duk wannan lokacin Yaya ya koma mota. Sai ga shi da ɗan buhu a kafaɗa, yana haki. Bawan Allah ya ga ana ziyara, ya ce ba a zuwa hannu rabbana. Ya kwance bakin buhun, ya cika hannu biyu da gero, ya watsa iya ƙarfinsa. Shamuwan da ke kusa suka yi tsalle suka matsa baya. Ba wadda ta ko sunkuya ta duba. Sai ga kajin ƙauyen nan da zabi sun sheƙo a guje daga cikin gona, suka rufar wa geron.

Inna ta juyo tana durƙushe.

“Kai! Kai wane irin mutum ne? Shamuwa ce ke cin gero? Ƙarƙashin sheƙarsu aka yanke maka cibi, ka girma kana kallonsu, ba ka taɓa lura da abin da suke kai ma ɗiyansu ba? Hwara suke ci, da kwaɗi! Ka zo ka kore mani baƙi ka tara mani kaji! Kullum aikinka ke nan, sai ka gama kake tambaya. Dube shi don Allah, hular ma a karkace!”

Yaya na tsaye, sauran geron na zuba ta tsakanin yatsunsa. Bakinsa har kunne, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, “To, Inna. Na ji, Inna.” Sai a lokacin ta ankara da abin da ta yi. Ta kau da kai, ta miƙa hannu a tashe ta. Ni na fi kusa, amma ba ni ta miƙa wa ba.

Muna tsaye mu uku rana ta fara zafi. Sai wata shamuwa can tsakiya ta ɗan ruga ta tashi, wata ta bi ta, sannan fadamar gaba ɗaya ta ɗaga. Ƙarar fukafukansu ta cika kunne, iskarsu ta kaɗa mayafin Inna, inuwarsu ta bi ta kanmu har wurin ya yi duhu-duhu. Da suka yi sama kaɗan sai suka daina kaɗa fiffike. Suka shimfiɗa su kawai, suka shiga juyawa a hankali, wasu bisa wasu, suna hawa ba tare da wani ya motsa ba, kamar ana jan su da zare. In sun juyo farin cikinsu ya haska, in sun juya su koma baƙi. Ƙasa kuma ruwan ya ɗauki hotonsu, sai ya zama wasu na hawa sama wasu na nutsawa. Muka yi ta ɗaga kai har wuya ya ƙage, har suka koma 'yan ɗige-ɗigen nan na wayar Yaya. Na sha jin malamai na cewa ba mai riƙe tsuntsu a sama sai Allah, na kuma yarda tun ina yarinya, amma ranar ce na gani da idona har gabana ya faɗi.

Inna ta ce gwajin tafiya suke yi, haka na gidanmu ke yi wa 'ya'yansu in kaka ta kusa, wata rana in sun hau ba za su sauko ba sai baɗi. Ta jima tana kallon inda suka ɓace, sannan ta ce, “Ni ina can ina kukan ina sunka kwana. Ashe ba ni ke saukar da su ba. Ni kasko ɗaya gare ni.” Ta nuna ruwan da haɓa. “Dubi na Allah.”

Yaya ya yi ƙarfin hali ya ce, “Inna, halan naki na cikinsu?”

Ta ce, “Wa ya sani? In suna ciki sun ji. In ba su ciki, 'yan'uwansu sa gaya masu.” Shi ta ba amsa, ba ta bi ta kaina ba.

Da azahar ta yi, sai ta ƙi taɓa jarkar. Ta sa muka kai ta bakin ruwa, ta zauna a kan dutse ta yi alwala da shi, tana ɗiba da tafin hannu tana kallon yadda yake zuba. Muka yi salla a kan ciyawa. Muka koma wajen masu suya, ta ci kifi har tana cewa gishirinsa ya yi kaɗan. A hanyar dawowa barci ya ɗauke ta tun kafin mu hau kwalta, Yaya kuwa ya yi ta tafiya a hankali har masu babur na wuce mu.

Ban koma Ƙofar Kaura ba ranar, don ina son in ga safiya da idona. Da gari ya waye muka gaishe ta, ni da matar Yaya, muka koma gefe muka zauna kamar masu wani aiki. Sai ga shi ya fito, ya gyara hula da hannu biyu, ya zo ya durƙusa.

“Inna, ina kwana?”

“Lahiya lau,” in ji ta. Ta ajiye carbin a cinya. “Ina gajiyar jiya?”

Ya ce babu gajiya. Ta tambayi iyali, ya amsa. Ta tambayi aiki, ya amsa. Sai ta ce, “Ya ƙahwar nan taka da ka gurɗe wajen gyaran rufi?” Wannan gurɗewar tun daminar da ta gabaci ta bara ce, shi kansa ya manta da ita. Ta ce, “Abokinka da ya yi hatsari, ya tashi?” Mutumin ya warke har ya ƙara aure. “Ciwon haƙorin fa, an cire?” “Jarrabawar ƙarin girman nan da ka yi ta karatu bisa tabarma, an dace?” Haka ta yi ta zaro su ɗaya bayan ɗaya, duk abin da ya same shi tun daga safiyar da ta rufe baki. Ashe ba wanda ya wuce ta. Tana gani, tana ajiyewa, ba ta zubar da ko ɗaya ba.

Tun yana amsawa har murya ta ƙi fita, ya koma gyaɗa kai, ya dafa ƙasa da hannu biyu. Ita kuwa ba ta fasa ba, don da sauran tambayoyi, kuma ba ta sallame shi ba tukuna. Muna jin ƙaurin ɗumame yana tasowa daga madafi, ba wadda ta tashi ta sauke.